Ekstenda, kebul, mesh ko fawalayin: wanne zai kai waifai ɗakin samari bai rikita maka filtar MAC ba?

Yayana da ke Unguwar Dosa a Kaduna ne ya jawo wannan rubutun. Gidansa irin ginin nan ne mai tsawo, falonsa a gaba, sashen iyali a tsakiya, ɗakunan samari can ƙurya kusa da tankin ruwa, duk bulo mai inci 9 ga kuma dekin a sama. Rautar sim tana falo kusa da talabijin. Data ta riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba, da ya bincika sai ya tarar yaran ba ma faɗin faswod suke yi ba, hoton QR ɗin nan kawai suke nuna wa abokansu a ɗauka, rabin layin na shan datarsa. Sai aka kunna masa filtar MAC, wato rauta ba ta karɓar kowace na'ura sai wadda aka rubuta lambarta a jeri. Hankali ya kwanta. Ana nan samari suka fara ƙorafin sabis ba ya isowa wajensu, ya je kasuwa ya sayo ekstenda, wato ƙaramar na'urar da ke kama waifan rauta ta ƙara masa nisa, ya jona a soket ɗin baranda, to daga ranar wayoyin da shi da hannunsa ya rubuta a jeri, da zarar sun koma baya sai su nuna sanda cike amma babu abin da ke buɗewa. Ya kira ni yana faɗa wai jabu aka sayar masa zai mayar. Na ce Yaya dakata, kayanka lafiyarsu lau, halinsu ne haka.

Kafin a shiga wanne ya fi wanne sai an fahimci abin da ke faruwa, in ba haka ba mutum zai yi ta kashe kuɗi yana canza ekstenda matsalar tana nan.

Lambar MAC haruffa ne da lambobi guda 12, an jera su bibbiyu sau 6, kowane katin waifai yana fitowa da tasa daga masana'anta. Guda 6 na farko na kamfanin da ya ƙera ne, hukumar IEEE ke raba su, guda 6 na ƙarshe kuma na ita na'urar ce. Yadda aka tsara waifai tun asali, saƙon da waya ke aika wa rauta gurbin adireshi 3 ake cikawa: rautar da za ta karɓa, wanda ya aiko, da inda saƙon zai je. In waya ce ke magana da rauta kai tsaye 3 ɗin sun isa, tunda mai saƙon shi ne ya kawo shi da kansa. Amma da ekstenda ta shiga tsakani an samu mutum biyu, mai saƙo da ɗan aike, kuma gurbi ɗaya ne ya rage musu. Shi ya sa kamfanoni suka ɓullo da dabara iri biyu. Wasu suna ba kowace waya lambar aro, ita rauta za ta gani maimakon ta asali. Netgear misali suna cire haruffa 6 na farko su sa 02:0F:B5, su bar 6 na ƙarshe yadda suke, don haka in ka ga baƙuwar lamba ta fara da haka a jerin rautarka ba ɓarawo ba ne, duba wutsiyarta za ka gane wayar wa ce. TP-Link su ma da yawa daga ekstendarsu lambar aro suke bayarwa, salon canjin ne ya bambanta. Dabara ta biyu kuma, wadda ƙananan ekstendar nan marasa suna suka fi yi, ita ce kowa ya shiga da lambar ita ekstendar kanta, waya 10 ne ko 20 rauta na'ura ɗaya take gani.

Ka ɗauka maigadi ne a bakin get da takardar sunaye. A dabarar farko ɗan gida ya zo da sunan da ba ya takarda, an hana shi shiga, abin da ya sami Yaya ke nan. A ta biyu kuma da zarar ka sa sunan ɗan aiken a takarda, duk wanda ya biyo bayansa ya wuce, har da yaron maƙwabta da ka kafa filtar dominsa. Ta biyun nan ta fi haɗari don ba za ka ji ƙorafi daga kowa ba, komai na tafiya, kai kana zaune kana ganin ka kulle gida.

Kuma a san filtar iri biyu ce, akwai jerin izini, wanda ba ya ciki ba ya shiga, akwai jerin hani, kowa ya shiga sai wanda aka rubuta. Mai jerin hani ma ekstenda tana cinsa, yaron da ka toshe saboda jarabawa sai ya koma bayan gida ya hau ta ekstenda, ya fito da lambar da ba ka taɓa toshewa ba.

Akwai ƙarin gishiri a miyar, su kansu wayoyin yanzu ɓad da kama suke yi. Tun Android 10 da ta fito a 2019, da iOS 14 a 2020, waya ba ta nuna lambarta ta asali, tana ƙirƙirar wata daban ga kowane sunan waifai. To mafi yawan ekstenda in ba ka canza ba suna ƙara EXT a ƙarshen sunan waifanka, a wajen waya wannan wani netwok ne daban, sai ta ƙirƙiro sabuwar lamba, ita kuma ekstenda ta ɗora ta aro a kai. Yadda ake gane lambar da ba ta masana'anta ba, duba harafi na biyu daga farko, in 2 ne ko 6 ko A ko E to ƙirƙirarriya ce.

Abubuwan da zan auna kowane zaɓi da su

Na farko kuma mafi girma a wannan maganar, shin rauta ko manhajar da kake kula da gida da ita tana ganin kowace na'ura da lambarta tsayayya? Don ba filta kaɗai ke dogara da haka ba, har ware wa na'urar CCTV ko firinta lambar IP, wato adireshin da rauta ke ba na'ura a netwok, wadda ba ta canzawa, da iyakance wa yara lokaci, da rage wa wani gudu, duk da MAC ake ɗaure su. Sai kuɗi, kuma ba zan sa farashi da naira ba tunda abin da ka ji a Ahmadu Bello Way yau ba shi za ka ji wata mai zuwa ba, zan dai faɗi wanne ya fi wanne tsada. Sai ƙarko, wanda a Kaduna yana nufin zafin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu, tsawar damina, da wutar da ake kawowa ana ɗaukewa. Sai sauƙin haɗawa da sauƙin kula daga baya, biyun nan ba ɗaya ba ne, akwai abin da minti 5 ka gama haɗa shi amma duk sati sai ya dawo da kai. Sai haɗari, wato ƙofar da za ta zauna a buɗe ba ka sani ba. Gudu ma zan taɓa amma ba shi ne kan gaba ba.

Ekstenda yadda take, a rubuta lambobin aro

Ita ce mafi araha kuma ba a fasa bango. In irin mai ba kowa lambar aro ce za a iya zama da ita. Ka shiga rautarka, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, ka kashe filtar tukuna. Ka haɗa ekstendar, ka tara duk wayoyi da kwamfutocin gidan su hau ta ekstenda ɗaya bayan ɗaya, kana duba jerin na'urorin da rauta ke gani kana kwafe sababbin lambobin. Ka ƙara su a jerin izini tare da lambar ita ekstendar kanta, in mai layi biyu ce 2.4 da 5 to kowane layi da lambarsa, sannan ka mayar da filtar. Ka lura kowace waya yanzu gurbi biyu take ci a ƙalla, na asali da na aro, kuma jerin rautocin sim ɗin nan gajere ne, gida mai mutum 12 zai cika shi tun ba a zo kan talabijin ba. Duk wanda ya canza waya ko aka yi masa filashin sai an sake zagayen nan daga farko, a kashe filta, a hau, a kwafa, a kunna.

In kuma irin mai ɓoye kowa a bayan lambarta ce, filtar rauta ta tashi aiki a wannan ɓangaren, sai dai ka duba ko ita ekstendar tana da tata filtar a cikin saitinta ka kafa jeri na biyu a can. Wasu suna da ita wasu babu.

Wajen ƙarko, ekstendar bango kai tsaye take shan wutar soket, ba kamar rauta mai caja 12V da za ka ɗora wa ƙaramin UPS ko batir ba. In soket ɗin barandar ba ya kan inbata, ana ɗauke wuta rauta tana aiki a falo ita ta mutu. Ga zafi, ƙaramin akwati ne rufaffe babu wajen shan iska sosai. Gudu kuma, mai layi ɗaya da rediyo ɗaya take karɓa take mayarwa, don haka kusan rabi ke tafiya, sai dai gaskiya in dama abin da sim ke ba ka bai taka kara ya karya ba ba lallai ka ji bambancin ba. Kuma a tsakiyar hanya ake sa ta inda sabis ke da ƙarfi, ba a cikin ɗakin da sabis ya mutu ba, wannan kuskuren kusan kowa na yi.

WDS

Wannan shi ne tsarin da ke buɗe gurbi na 4, lambar asali ta wuce lafiya. A takarda ya warware komai. A aikace sai rauta da ekstenda duk biyun sun iya shi kuma yarensu ya zo ɗaya, wanda galibi sai kamfani ɗaya ne, rautocin da kamfanonin sadarwa ke bayarwa da sim kuwa da wuya ka ga wajen kunna shi. Wasu kayan ma suna rubuta WDS a saiti amma dabarar lambar aro suke yi a ƙasa. In kana da rautocin MikroTik biyu ko ka iya sa manhajar OpenWrt a rautoci biyu bismillah, in ba haka ba kar ka ɓata ranar Asabar ɗinka.

Jan kebul a sa akses foyin

Nan zan daɗe don shi nake ba mutane shawara sau tara cikin goma. Kebul ɗin netwok ba shi da matsalar gurbin adireshi, akses foyin, wato na'urar da ke karɓar intanet ta kebul ta watsa ta a waifai, gada ce kawai, wayar da ta hau kanta rauta tana ganinta da lambarta yadda take. Ba aro ba ɓoyo. Gudu ba ya rabewa, bango ba ya tare shi, kebul Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 a jan guda, gidaje nawa ne a Malali ko Barnawa suka wuce haka?

Kuɗinsa ya danganta da abin da ke hannunka. In kana da tsohuwar rauta a durowa ta isa, ka shiga cikinta ka kashe DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori lambar IP, ka ba ta lambar IP da ba ta karo da ta babbar, ka sa kebul daga ramin LAN na babba zuwa ramin LAN nata, an gama. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, ekstenda da dama suna da ramin kebul a ƙasa ko a gefe kuma a saitinsu akwai wajen mayar da su akses foyin, ta Yaya ma haka take, don haka kuɗinsa bai tafi a banza ba. Abin da ya saya kawai kebul ne da fayif ɗin da aka zura shi da ladan yaron da ya ja ya matse kan. In kuma sabuwa za ka saya nemi mai PoE, wadda wuta ke bin kebul ɗin ya kai mata, domin sai ka jona ta a falo inda inbata take, ɗakin samari ko babu wuta waifai na nan. A garin nan wannan kaɗai ya isa dalili.

Hattara da kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyum ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, yana da araha, yana karyewa, kuma ba ya ɗaukar PoE da kyau a nesa. Ka kankare silin guda da reza, in fari ya fito daga ciki ka ajiye musu kayansu. Wanda zai bi waje a zura shi a fayif ko a sayi na waje mai baƙar riga, rana tana cinye na cikin ɗaki, ɓera ma yana sonsa. Kar a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi kamar igiyar shanya, in tsawa ta faɗi kusa a damina ta nan take bi ta ƙona ramin rauta, gara a binne.

To ga tarkon da ke cikinsa, kuma ko masu haɗawa suna mantawa. A rautoci da yawa filtar tana ƙarƙashin saitin waifai ne, wato tana tsaron rediyon ita rautar kaɗai. Wanda ya hau akses foyin ta kebul yake shigowa, filtar waifai ba ta ko kallonsa. Don haka ko dai rautarka tana da abin da suke kira Access Control wanda ke kama na waya da na iska duka, ko kuma ka kwafi jerin nan ka sa shi a cikin akses foyin ɗin ita ma. Gwajin mai sauƙi ne, ɗauki wayar da ba ta jeri ka je baya ka sa faswod, in ta buɗe YouTube ka san akwai sauran aiki. Sannan ka ba akses foyin suna ɗaya da faswod ɗaya da irin tsaro ɗaya da babbar rauta, ta haka waya za ta riƙe lambar ɓad da kama guda ɗaya a duk gidan, gurbi ɗaya ya ishe ta.

Mesh

Na'urorin waifai ne da ake sayarwa saiti a rarraba su a cikin gida, su Deco na TP-Link, Orbi na Netgear, Nova na Tenda, AiMesh na ASUS. An gina su tun farko don su yi magana da juna, saboda haka lambar kowace na'ura tana isa yadda take, kuma a manhaja ɗaya kake ganin kowa da sunan da ka sa masa, ka tsayar da wannan ka ba wancan lokaci. Waya tana tafiya daga falo zuwa baya ba ta yankewa. Shi ne mafi daɗin sha'ani kuma shi ne mafi tsada, kuɗin saiti mai guda 2 ko 3 zai sayi ekstenda da yawa.

Abu biyu za ka sani kafin ka biya. In ka jona mesh a bayan rautar sim, galibi ita rautar na'ura ɗaya tak za ta riƙa gani, wato babban mesh ɗin, don haka tsohon jerinka ya zama tarihi, komai ya koma manhajar mesh, kuma ka kashe waifan rautar sim ɗin gaba ɗaya kar ya zama ƙofar baya. Na biyu, wasu mesh jerin hani kawai suke da shi babu na izini, kuma jerin hani a zamanin wayar da ke iya canza lamba da taɓa maɓalli ɗaya kusan wasan yara ne. Ka sa mai shago ya buɗe maka manhajar ka gani da idonka. Akwai kuma tsaka-tsaki, EasyMesh wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2018 da OneMesh na TP-Link, inda rauta da ekstenda masu wannan tambarin suke haɗuwa su zama mesh da kuɗi kaɗan, sai dai dole rautar ma ta iya, ta sim ɗin da ka karɓo a ofis ba lallai ba. Kuma mesh ba ya huda dekin da addu'a, in bangon ya yi yawa tsakanin guda biyun shi ma kebul zai nema. Kowane guda kuma yana son wutarsa.

Fawalayin

Adafta biyu ne, ɗaya kusa da rauta ɗaya a ɗakin da ake so, saƙo na bin wayar wutar gida. Lambar asali tana wucewa, ba a jan sabon kebul, kuɗinsa tsakanin ekstenda da mesh. A ƙasashen da wutarsu layi ɗaya ce tsayayya abu ne mai kyau. Mu nan gida ɗaya wutar gwamnati, janareta, inbata, ga canji-oba, wani gidan fes 3 ne falo na kan wannan ɗakin samari na kan wancan, wani sashen ma mitarsa daban. Ba ya son a jona shi ta ekstenshin mai kariya ko ta sitabilaiza, sai bango kai tsaye, wanda ke nufin duk wutar da ta zo da ƙarfi shi za ta fara samu. Lambobin AV600 da AV1000 da ke jikin kwali kuma ba gudun da za ka gani ba ne. Ni dai ba na sa mutum ya saya sai in mai shago ya yarda a gwada a gidan, in bai yi ba a mayar. Shi ma tarkon filtar waifai ɗin nan yana kansa tunda ta ramin kebul yake shiga rauta.

A bar filtar gaba ɗaya

Dole a faɗi wannan ko da ba za a so ba. Lambar MAC a fili take yawo a iska ko da waifanka na da faswod, wanda ya san hannunsa zai iya ganin lambar da aka yarda da ita ya ɗora wa kwamfutarsa. Filtar tana maganin yaron maƙwabta da hoton QR, ba ta maganin gwani. Abin da ke tsare netwok shi ne tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3 da faswod mai tsawo, da kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta faswod ba, wanda tun 2011 aka gano lambar sirrinsa tana fasuwa. In damuwarka raba faswod ce, akwai hanyar da ba ta buƙatar jeri: babban waifai na manya da CCTV da talabijin, kai kaɗai ka san faswod ɗinsa, sai waifan baƙi na yara da masu zuwa wanda kake canza wa faswod duk Juma'a. Kyauta ne, kuma ekstenda kowace iri za ta zauna lafiya. Wahalarsa kawai ka tuna canzawa, da haƙurin "Baba mene ne sabon?" duk sati.

| Zaɓi | Lambar da rauta ke gani | Kuɗi | Ƙarko a nan | Haɗawa da kula | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|---|
| Ekstenda | Ta aro, ko ta ekstendar kaɗai | Mafi araha | Matsakaici, zafi da soket marar inbata | Haɗawa nan take, kula kullum | Ɗan gida a waje ko baƙo a ciki |
| WDS | Ta asali | Araha in kana da kayan | Kamar ekstenda | Sai gwani | Kaya su ƙi jituwa |
| Kebul da akses foyin | Ta asali | Araha zuwa matsakaici | Mafi daɗewa in kebul na kirki ne | Wahalar yini ɗaya | Filtar waifai ba ta kama na kebul, tsawa |
| Mesh | Ta asali, a manhajarsa | Mafi tsada | Mai kyau in kowane guda na da wuta | Mafi sauƙi | Wasu babu jerin izini |
| Fawalayin | Ta asali | Matsakaici | Rauni | Sauƙi in wayarin ya yarda | Fes daban, canji-oba |
| Barin filta | Ba ruwanka da ita | Kyauta | Babu abin lalacewa | Canza faswod a kai a kai | A raba faswod kafin ka canza |

To wa zai ɗauki wanne

In haya kake, ɗaki biyu da falo a Kawo ko Unguwar Rimi, mai gida ba zai yarda a huda bango ba, na'urorinku ba su wuce 5 ko 6 ba kuma ba a canza su kullum, ekstenda mai ba kowa lambar aro ta ishe ka, ka zauna yini ɗaya ka rubuta lambobin ka huta. Kafin ka saya ka tabbatar tana da ramin kebul, ranar da ka koma gidanka sai ka mayar da ita akses foyin.

In gidanka ne, babba, da sashe-sashe da samari da 'yan aiki, kuma da gaske kake son sanin wa ke kai, ja kebul. Yaya abin da ya yi ke nan, an bi gefen katanga da fayif, aka mayar da ekstendar akses foyin da suna ɗaya da na falo, aka kwafa mata jerin. Haka mai shago ko kyamis da ke da CCTV da firinta waɗanda dole lambar IP ɗinsu ta tsaya, su kam kar ma a haɗa su da ekstenda. Mai Starlink ƙarni na 2 ya tuna rautarsa ba ta da ramin kebul sai ya sayi adaftarta daban, ta ƙarni na 3 ce ta zo da ramuka 2.

In kana da hali, gidan bene ne, kuma ba ka son ganin waya ko shiga shafin saiti, mesh, bayan ka ga jerin izini a manhajar da idonka. Hajiya ma za ta iya tsayar da wayar yaro daga kicin.

Masu sayar da waifai a hostel ɗin ɗalibai ko gidan kallon ƙwallo ko layin shaguna, ku batunku daban ne, tikiti kuke buƙata irin na hotspot ɗin MikroTik, kuma shi da lambar MAC yake gane wanda ya biya. Kun sa ekstenda mai ɓoye kowa a bayanta, lissafin ya rikice, ko dai tikitin mutum ɗaya ya buɗe wa wasu ko kuma wanda ya biya a riƙa fitar da shi yana zuwa yana muku masifa. Akses foyin a kan kebul ko WDS na gaske tsakanin kayan kamfani ɗaya, iyakar zaɓinku ke nan.

Wanda kuma duk rigimarsa yara ne da abokansu, kuma ya riga ya sayi ƙaramar ekstendar nan marar suna wadda babu ramin kebul babu filta a cikinta, kashe filtar rautar, kashe WPS, buɗe waifan baƙi ka ɗora ekstendar a kansa, babban faswod kuma kar ya shiga wayar kowane yaro, ko don a tura asaimen ne.